Yadda Maman Lawali Ya Tara Gari Uku Saboda Mutum Ɗaya

Duk wanda ya taɓa sa hula a Sabon Garin Maraɗi ya san Maman Lawali, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai wankin hula a gindin bedi, wato itacen dogon yaro, wanda ke jera kawunan itace a rana, kowane da hularsa tana shan ƙaro. Ya san girman kan kowa a unguwar, kuma ba ya ɓoyewa. In ka kawo masa hula sai ya juya ta, ya leƙa ciki, ya ce kanka ya ƙaru tun da aka ba ka muƙami. Mutane suna jin haushi, amma suna dawowa, don babu mai fitar da hula tsaye kamarsa.

Ba don ƙaunar sabulu ya shiga sana'ar ba. An sa shi lakwal yana yaro, aka koro shi saboda ya cika filin makaranta da ramuka. Ya gwada dako a tasha, bayansa ya ƙi. Ya gwada fataucin atamfa zuwa Jibiya, ya tsaya kallon wasa a bakin hanya har motar ta tafi da kayansa. Daga ƙarshe ya gano cewa mai wankin hula yana gama aikinsa kafin azahar, sauran ranar kuwa tasa ce. Abin da yake nema ke nan tun farko: sana'ar da za ta bar masa yammacinsa ya yi dara.

Dara kuwa ba ta buƙatar komai sai ƙasa da mutum biyu marasa kunya. A tona gurabu talatin, wannan ya ɗebi tsinke, wancan ya ɗebi tsakuwa, duk wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin wasansa ɗaya. Wanda aka cinye ya tashi ya ba wani wuri, kuma ba ya tashi haka nan salin alin. Sai an raka shi da tsiya, an tuna masa kakansa da garinsu da irin tafiyarsa. Rabin wasan a ƙasa yake, rabi a baki. Maman Lawali gwani ne a duka biyun, kuma a duk faɗin Maraɗi mutum ɗaya ne kawai ke iya sa shi gumi.

Sunansa Jibo, manomin albasa daga Jiratawa, dogo mai hannu kamar faranti. Ranar kasuwa yakan kawo kayansa gari, in ya sayar ya zarce gindin bedi, ya cire takalmi ya zauna a kai. Fiye da shekara ashirin suna haka. Yau wannan ya tashi, gobe wancan. Sun zagi juna har sun ƙarar da zagin da ake da shi sun koma ƙirƙira. Wanda bai sani ba zai ce yanzu za a zaro wuƙa, alhali ƙwarya ɗaya suke shan fura, kuma ranar da mahaifiyar Maman Lawali ta rasu Jibo ne ya shiga kabari ya karɓe ta.

Sai dimokuraɗiyya ta zo. Aka yi babban taron ƙasa a Yamai, rediyo ya kwana ya wuni yana kawo shi, kowa ya koyi ɗaga yatsa. Jam'iyyu suka fito kamar gina bayan ruwa. Ga Maman Lawali abin alheri ne, don babu mai zuwa mitin da hula mai datti, kuma shi bai ga dalilin da zai sa ya zaɓi kai ɗaya ya bar saura ba. Jibo kuwa ya ɗauki abin da zuciya ɗaya. Aka naɗa shi shugaban reshen wata jam'iyya a Jiratawa, ya bar albasarsa tana ƙishi yana yawo ƙauye ƙauye a bayan mota yana rantsuwa da sunan mutanen da ba su san yana duniya ba. Aka yi zaɓe, jam'iyyarsu ta sha ƙasa.

Ranar kasuwar da ta biyo baya ya zo gindin bedi, idanunsa ja, ya zauna ko zai huce. Mai hankali da ya kula. Maman Lawali ya cinye shi tas, ya karkaɗe hannu, ya dubi ƴan kallo ya ce:

"Tashi, Jibo! An cinye ku cikin akwati, an cinye ka cikin ƙasa. Ina kuma ya rage a kai ka?"

Wurin ya ɗauki dariya. Da a bara ne, Jibo zai mayar masa da wadda ta fi ta zafi. Wannan karon ya sa takalminsa ya tafi. Bai sake zuwa ba. In kasuwa ta kawo shi Sabon Gari sai ya zaga ta bayan gidan mai don kada ya ga bedin.

Wata na farko Maman Lawali ya ce fushin baƙauye ne, zai wuce da damina. Damina ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Aka karya darajar kuɗin sefa, sabulu ya ninka, ma'aikata suka shiga yajin aiki suka fita suka sake shiga, duk bai dame shi kamar wannan ba. Yana cinye kowa, kuma cin ya zama masa kamar tuwo babu miya. Yakan fara zagin wanda ya kayar, sai ya ga mutumin yana murmushi yana cewa haka ne, sai zagin ya mutu masa a baki. Ya rame. Ya fara ƙona hulunan mutane da dutsen guga. Kewar Jibo yake, kewa mai tsanani, irin wadda namiji ɗan shekara hamsin ba ya yarda ya faɗa.

Matarsa Tasalla ce ta gaji da ganin tuwonta yana dawowa.

"Maigida, Jiratawa ba Makka ba ce," ta ce masa. "Hau kabu-kabu ka tahi ka ce mishi ya yi haƙuri. Kalma biyu ce. Kahin rana ta yi zahi ka komo."

"Ni in ba shi haƙuri? Don mi? Ƙarya na yi? Ba a cinye su ba?"

"To zamna da gaskiyarka ka yi dara da ita."

Maganar ta shige shi, amma ba ta inda Tasalla ta nufa ba. Ya yi kwanaki yana tunani, har ya fito da dabarar da a ganinsa ta fi kalma biyu sauƙi: zai haɗa gasar dara ta gari uku. Juma'a bayan masallaci a Maraɗi, Asabar a Tsibiri, Lahadi a Jiratawa. Kowane gari ya fito da gwanayensa, cin da aka yi yau a ɗauke shi zuwa gobe, ranar ƙarshe a san garin da ya fi. Jiratawa ba ta da gwanin da ya kai Jibo. Dole su kawo shi, dole ya zauna gabansa, kuma babu wanda zai ce Maman Lawali ya nemi kowa.

Ya kai shawarar wurin Mushe Kalibu, wato Malam Kalibu a bakin ƴan Faransanci, malamin lakwal a Tsibiri, dattijo a cocinsu, wanda yajin aiki ya bar shi da lokaci mai yawa da muryar da ta saba da aji. Tun da ya saurari taron ƙasa daga farko har ƙarshe, Mushe Kalibu bai ƙara yarda a yi komai ba tare da kwamiti ba. Ko raɗin sunan jikarsa sai da aka zaɓi mai ba da magana.

"Abu mai kyau na," in ji shi. "Amma sai mun kahwa buro."

Aka kafa buro. Aka jawo Alhaji Abdulmutallib, mai sayar da man fetur na kwalba, saboda yana da mota mai buɗaɗɗen baya. Alhaji ya ce ba zai ba da mota ba sai an ba shi farzidan, wato shugabancin kwamitin. Mushe Kalibu ya ce farzidan ba a ba da shi, zaɓensa ake yi. Aka yi zaɓe, mutum uku, kowa ya zaɓi kansa. Aka sake, Maman Lawali ya zaɓi mota. Zama na biyu ya tafi a kan garin da za a fara: Gobirawan Tsibiri suka aiko cewa ba su taɓa bin bayan Katsinawan Maraɗi ba, ba kuma za su fara a kan dara ba. Zama na uku wani ya gano cewa gwanayen Maraɗi duk ƴan jam'iyya ɗaya ne, dole a cire guda a sa ɗan adawa, ko da bai san tsinke daga tsakuwa ba. Aka sa. A lokacin a Yamai shugaban ƙasa da firaminista ba sa shan inuwa ɗaya, gwamnati ta tsaya cik, kuma buron gindin bedi bai ga dalilin da zai sa ya fi su sauri ba.

Maman Lawali ya haɗiye duk wannan. Mutumin da bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ga shi yana dafa wa buro shayi yana cewa a yi haƙuri. Abu ɗaya yake jira, amsar Jiratawa. Mushe Kalibu ya je da kansa a kan kekensa, ya dawo da ita.

"Ya ce shina zuwa, don sunan garinsu. Amma da sharaɗi. Kada wani ɗan Maraɗi ya buɗe baki gare shi wurin wasa."

"Wani ɗan Maraɗi, ko ni?"

"Bai hwaɗi suna ba. Mu ko mun gyara zancen: mun hana tsiya gaba ɗaya. Ƙasa na cikin wani hali. Wanda duk ya yi ma wani ba'a, an cire mishi ɗa guda."

Haka aka yi dokar da tun da aka fara tona ƙasa ba a taɓa jin irinta ba, dara babu tsiya.

Ranar Juma'a jama'a suka cika gindin bedi. Alhaji Abdulmutallib ya yi jawabin buɗewa, ya gode wa kansa. Aka fara wasa. Ba ka jin komai sai tari da ƙarar kabu-kabu a titi. Wanda ya ci ya sunkuyar da kai, wanda aka cinye ya tashi ya ce madalla. Wata tsohuwa da ta zo wucewa ta tsaya ta tafa hannu ta yi addu'a, ta tambayi wa ya rasu. Ɗan adawar da aka cusa wa Maraɗi ya jera huɗu ya yi ta murna, aka rasa mai gaya masa cewa huɗu ba ta ci a dara. Kafin la'asar rabin ƴan kallo sun watse. Jibo bai zo ba, ya aiko cewa yana ban ruwa.

Ranar Asabar ya zo Tsibiri. Maman Lawali ya hango shi yana saukowa daga mota, ya ga ya yi furfura a gemu, hularsa kuwa wani ne ya wanke ta, ta karkace kamar an zauna a kai. Maganganu goma suka taso masa a kan hular nan, masu daɗi, ya danne su har sai da idonsa ya kawo ruwa. Jibo ya gaisa da kowa, ya zo kansa ya wuce kamar ya wuce turmi. Ya zauna ya kayar da Gobirawa biyu. Maman Lawali ya tsaya a baya yana kallo, kuma abin da ya gani ya fi rashin gaisuwar tayar masa da hankali. Hannun Jibo ya yi tsatsa. Yana jinkiri a inda da ba ya jinkiri, yana barin ƙofofin da da ko a mafarki ba zai bari ba. Gobirawan ba su gani ba. Shi ya gani.

Da aka tashi, Mushe Kalibu ya sanar cewa Tsibiri ta fita, Maraɗi da Jiratawa sun yi kunnen doki. Gobe, bayan an taso daga coci an yi azahar, gwanin Maraɗi da gwanin Jiratawa za su raba gardama.

A hanyar komawa, yana tsugune a bayan motar Alhaji tsakanin jarkoki, Maman Lawali ya yi lissafinsa. In ya zauna da Jibo gobe zai cinye shi, babu tantama. Zai cinye shi a garinsu, gaban ƴaƴansa da surukansa da ƴan jam'iyyarsa. Daga nan kuwa sai dai a lahira. Sai wata dabara ta zo masa, ta biyu, wadda ta fi ta farko muni: zai bari a cinye shi. Ya tashi a gaban Jiratawa duka, Jibo ya rama, a koma daidai.

Ya fi kowa sanin abin da wannan yake nufi a wurin ƴan dara. Mutum uku ake sakar wa wasa: basarake, don kana son zama lafiya a garinsa, suruki, don kana jin nauyinsa, da mara lafiyan da aka ga alamar ba zai tashi ba. Aboki ba a sakar masa. Aboki ana murƙushe shi a yi masa dariya, don an san gobe zai iya ramawa. Amma Maman Lawali ya gaya wa kansa cewa shi gwani ne, zai yi kuskuren da zai yi kama da kuskure. Bai tsaya ya tambayi kansa wa zai ruɗa ba, mutumin da ya shekara ashirin yana kallon yatsunsa.

Lahadi Jiratawa ta fito ƙwanta da ƙwarƙwatarta. Aka share fili kusa da lambuna, aka yayyafa ruwa, aka tona gurabu. Jibo ya ɗebi tsakuwa, Maman Lawali ya ɗebi tsinke. Gwiwarsu ta kusa taɓa juna, kamar da. Aka zuba ƴaƴa, aka fara turawa. Na ɗan lokaci Maman Lawali ya manta da dabararsa, daɗi ya ɗebe shi, hannunsa ya riƙa tafiya da kansa. Kafin ya farga ya ci uku, Jibo ya ci ɗaya, kuma ga doki ya kusa haɗuwa, wato tsinke ɗaya da in ya matsa gaba ya ci, in ya dawo baya ya sake ci, har sai an share abokin wasa. Turi ɗaya ya rage. Duk wanda ke wurin ya gani. Ƴan Jiratawa suka fara kallon ƙasa. Gumi yana ɗiga daga gemun Jibo.

Maman Lawali ya sosa ƙeya, ya yi tsaki, ya yi kamar yana shawara. Ya kai hannu ya ɗauki wani tsinke can gefe, ya tura shi inda ba ya tsare komai.

Ƴan Jiratawa suka saki numfashi. Alhaji Abdulmutallib ya dafe kai. Jibo bai taɓa tsakuwarsa ba. Ya daɗe yana kallon gurabun, sannan ya ɗago, ya dubi Maman Lawali cikin ido, karo na farko tun ranar gindin bedi.

"Maida shi," ya ce.

"Na riga na saki. Doka ce."

"Maida shi ka hau dokinka."

"Ban gani ba ne, Jibo. Tsuhwa. Ido ya hwara..."

"Kai ne ba ka gani ba?" Muryar Jibo ba ta tashi ba. "Ni ba sarki ba ne. Ɗiyata ba ta gidanka, taka ba ta gidana. To ciwon mi aka ce maka ina yi?"

Mushe Kalibu ya ɗaga yatsa zai tuna masu dokar magana, ya duba fuskokinsu, ya sauke.

"Da ka zage ni ranar nan," in ji Jibo, "na ji zahi, don ka taɓa inda ke ciwo. Na yi hushi. Kullum ina cewa wata rana za ni zo in cinye ɗan banzan nan in hwaɗa mishi wadda ba zai manta ba. Jiya ban yi barci ba ina shirya ta. Ashe kai tausayina ka kawo mini har gida, da mota, da farzidan."

Maman Lawali ya buɗe baki. Kalma biyun nan na Tasalla suna nan a kan harshensa, kuma da ya faɗe su a lokacin, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Amma ya ga jama'a, ya ga ƴan Maraɗi suna kallonsa, sai abin da ya fito shi ne: "Wallahi kuskure ne."

Jibo ya gyaɗa kai. Ya tura tsakuwarsa, ya ci. Ya sake turawa, ya ci. Bai yi sauri ba, bai yi murmushi ba, ya share tsinkayen ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire ciyawa a lambu. Mushe Kalibu ya sanar cewa Jiratawa ta ɗauki gasa. Matasa suka yi ihu, aka buga gwangwani. Maman Lawali ya zauna yana jira. Yanzu ne za a ce masa tashi. Yanzu ne maganar da aka kwana ana shiryawa za ta sauko masa a ka, kuma bai taɓa ƙishin wani abu a duniya kamar yadda yake ƙishin zagin nan ba.

Jibo ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya miƙo masa hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Malam Lawali, mun gode da ziyara. An sha hanya. Allah ya ba da lada."

Bai taɓa kiransa Malam ba. Ya raka shi har bakin mota yana tambayarsa iyali da sana'a da gajiya, tambaya bayan tambaya, yadda ake yi wa baƙon da ba a san shi sosai ba. Ya sa aka kawo kwandon albasa, manya masu kyau, aka ɗora masa a cinya. Ya ce a gaida mutanen Maraɗi.

Motar ta tashi. Alhaji Abdulmutallib ya leƙo ta taga yana cewa buro ya yi nasara, an rabu lafiya babu wanda ya zagi wani, baɗi sai a ƙara da Madarunfa. Maman Lawali ya rungume kwandon da hannu biyu don kada ya zube. Ya waiwaya. Jibo yana tsaye a bakin hanya yana ɗaga masa hannu, cikin ladabi.